Imel Ɗin Ofis: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin a Ɗaura Muku Shi a Waya

Wanda ya bi titunan Tishigu a Tamale, ya zaga ta Sakasaka ko Kalpohin, zai ga allunan ƙananan ofisoshi birjik: ƙungiyoyin agaji, masu sayen kaɗanya da waken suya, makarantun kuɗi, ƙananan asibitoci, 'yan kwangilar gini da masu haƙa rijiyar burtsatse. Hidimarsu ta yau da kullum a WhatsApp take, kuɗi kuma ta MoMo. Amma da zarar magana ta kai ga takardar kwangila, ko neman tallafi, ko aika wa mai saye a Tema lissafin kuɗin kaya, to sai imel. Mai saye da mai ba da tallafi kuwa sun fi sakin jiki da adireshin da ke ɗauke da sunan kamfani a kan wanda ya ƙare da gmail.com. Shi ya sa ofisoshi ke ta buɗe imel da sunansu.

Yadda abin ke tafiya a wurare da dama shi ne, an ɗauki sabon ma'aikaci, ya miƙa wayarsa ga mai kula da kwamfutocin ofis, ko wani saurayi da ake kira daga cikin gari idan buƙata ta taso. A danna nan a danna can, cikin minti goma a ce masa an gama. Shi bai tambayi abin da aka cike ba, maigidan ofishin ma bai sani ba. Alhali abin da aka cike a wannan minti goman shi ke yanke hukuncin inda wasiƙun kamfani za su zauna, da wanda zai iya karanta su, da abin da zai saura ranar da aka sace waya ko ma'aikaci ya ajiye aiki. Magana ce ta dukiyar kamfani da amanar mutane, bai kamata a sakar wa masana kwamfuta ita su kaɗai ba. Kuma ba ta da wuyar ganewa.

Abubuwa uku ne a ciki. Manyanmu a Tamale sun san akwatin gidan waya, irin wanda adireshinsa ke farawa da P. O. Box TL. Ginin gidan wayan shi ne saba, wato kwamfutar da ba a kashe ta dare da rana, aikinta karɓar wasiƙu da ajiye su da tura su. Akwatin da aka ba ka da mabuɗinsa shi ne asusunka. Ɗan aiken da ke zuwa ya buɗe akwatin ya kawo maka abin da ke ciki, ya kuma kai naka, shi ne manhajar imel: Outlook, ko Thunderbird, ko Mail na iPhone, ko manhajar Gmail ta wayoyin Android. Ɗaura imel a waya bai wuce gaya wa ɗan aiken nan wane gidan waya zai je, ta wace ƙofa zai shiga, wane akwati zai buɗe, sannan a damƙa masa mabuɗi. Wasiƙa tana isa saba ko wayarka a kashe take, ko kana ƙauyen da babu sabis. Abin da ya rage shi ne yadda ɗan aiken zai yi da ita idan ya je.

Kafin a buɗe wa kowa asusu, akwai sunan da ke bayan alamar @, wato domen. Ghana tana da nata, .gh. Hukumomin gwamnati suna ƙarƙashin gov.gh, makarantu edu.gh, kamar yadda Jami'ar UDS ta nan Tamale ke amfani da uds.edu.gh, kamfanoni com.gh, ƙungiyoyi org.gh, wasu kuma su zaɓi .com ko .org. Hayar wannan suna ake yi, ana sabunta ta galibi shekara-shekara. A cikin bayanan domen akwai wani layi da ake kira MX, shi ke gaya wa sabobin duniya inda za su kai wasiƙun kamfanin. Duk wanda ke riƙe da domen zai iya juya wannan layin, ya karkatar da wasiƙun kowa zuwa inda ya ga dama. Saboda haka ganganci ne babba a bar domen ɗin kamfani a rajiste da suna da Gmail ɗin wanda ya gina wa ofis shafin intanet. Ranar da aka saɓa da shi, ko ya koma Kumasi ya sake lamba, lokacin sabuntawa ya zo sanarwa ta tafi inda ba mai gani, sai a wayi gari imel ɗin kowa ya tsaya cak. A yi rajista da sunan kamfani, mabuɗin shiga kuma ya kasance a hannun mai kamfani.

Sai maganar inda sabar kanta za ta zauna. Akwai masu sayen na'ura su girke a ɗaki cikin ofis, su saka mata Microsoft Exchange ko Zimbra. Akwai masu amfani da imel ɗin da ke zuwa haɗe da hayar shafin intanet, wanda ake sarrafawa ta cPanel, shi ne mafi araha. Akwai kuma masu biyan Microsoft 365 ko Google Workspace kuɗin wata-wata a kan kowane ma'aikaci. A ganina ƙaramin ofis a Tishigu ba shi da dalilin girke saba a ɗaki. Wutar NEDCo na iya ɗaukewa da tsakar dare, zafin Maris a Tamale yakan kai digiri 40, ƙurar hunturu kuma ba ta jin kunyar na'ura. Wannan ma mai sauƙi ne a kan gyaran tsaro da ake buƙatar yi a kai a kai. A watan Maris na 2021 aka bayyana wasu ɓarakoki a Exchange, masu kutse suka shiga dubban sabobin kamfanoni a faɗin duniya, kuma waɗanda abin ya shafa su ne masu riƙe da sabar a hannunsu. Daga 14 ga Oktoban 2025 kuma Microsoft ta kawo ƙarshen kula da Exchange 2016 da 2019. Ofishin da ba shi da ma'aikacin da zai sa ido a kan irin wannan, gara ya biya haya ya huta.

Ko ma ina sabar take, matakin farko a can ake yinsa. Mai kula da saba zai shiga shafin gudanarwa ya ƙirƙiri asusu: ya rubuta sunan ma'aikaci, ya ba shi adireshi, ya sa kalmar sirri ta wucin gadi wadda dole mai asusun ya sauya a shigarsa ta farko, ya yanka masa girman akwati, sannan ya zaɓi hanyoyin da aka yarda manhaja ta shigo ta cikinsu. Wannan na ƙarshen ana yawan manta shi. Idan ba a buɗe wa asusu hanyar IMAP a saba ba, wato ɗaya daga hanyoyin karɓar wasiƙa da za mu yi bayani a gaba, ko kwana za a yi ana cike-cike a waya ba za ta shiga ba. Ita ma hanyar da ba a buƙata, a rufe ta.

A nan ne kuma ake tafka kuskuren da ya fi yawa, wato adireshi ɗaya, info@ kaza, kalmar sirri ɗaya, mutum shida suna shiga. Manaja yana da ita, sakatariya tana da ita, akawu yana da ita, har ɗan hidimar ƙasa da ya gama wa'adinsa bara yana nan da ita a wayarsa. Aka goge wasiƙa, ba a san wa ya goge ba. Aka aika wa mai saye farashin da bai dace ba, kowa ya rantse ba shi ba ne. Ana yin haka ne don a rage kuɗi, kuma uzurin abin dubawa ne, sai dai akwai mafita. Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa shi kaɗai. Adiresoshin aiki irin su info@ ko akawu@ a mai da su laƙabi, wato suna na biyu da ke zuba wasiƙa cikin akwatin wani, ko rukuni mai raba kwafi ga mutum biyu ko uku, ko akwatin tarayya da kowa ke buɗewa ta cikin nasa asusun. Laƙabi da rukuni ba su cin ƙarin kuɗi a manyan masu ba da haya, akwatin tarayya ma a Microsoft 365 ba ya buƙatar lasisi na daban muddin bai wuce gigabayit 50 ba. Da wannan tsari, mai saye yana ci gaba da rubuto wa akawu@ ko akawu nawa aka sauya.

Yanzu mu zo kan wayar kanta. Ka buɗe manhaja, ka rubuta adireshinka da kalmar sirri. Idan an tsara domen da kyau, manhajar za ta nemo sauran bayanai da kanta, ka ga wasiƙu sun fara zubowa. Idan ba ta samo ba, za ta buɗe maka wani shafi mai gurabu, kashi biyu: na saƙo mai shigowa a sama, na mai fita a ƙasa. A kowanne akwai gurbin sunan saba, wanda yakan yi kama da mail.kamfani.com.gh, da gurbin sunan shiga, da na kalmar sirri, da wata lamba, da zaɓin tsaro. A gurbin sunan shiga galibi cikakken adireshi ake so, har da @ da abin da ke bayansa. Mutane da yawa rabin farko kawai suke rubutawa, su yi ta mamakin yadda aka ƙi su. Lambar kuwa ta ƙofa ce. Ta IMAP mai tsaro 993 ce, ta POP mai tsaro 995. Ta saƙo mai fita 587 ce tare da STARTTLS, ko 465 tare da SSL/TLS. Idan ka ga 143 ko 110 kuma an bar gurbin tsaro a kan babu, ka dakata. Ma'anarsa kalmar sirrinka za ta riƙa tafiya tsirara, wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da kai a otal ko ɗakin taro zai iya tsintar ta idan ya san hanya.

Dalilin raba shafin gida biyu shi ne hanyar aikawa daban take da ta karɓa. Ta aikawa sunanta SMTP, Jon Postel ne ya rubuta ƙa'idarta a 1982. Wannan ya bayyana ƙorafin nan da ake ji kullum, cewa saƙo yana shigowa amma ba ya fita. Kusan ko yaushe laifin yana kashi na ƙasa: ko an bar lambar ƙofa a 25, wadda ta sabobi ce tsakaninsu kuma kamfanonin sadarwa da dama suna toshe ta don hana tarkacen saƙonni, ko an manta a nuna cewa sabar fita ma tana buƙatar suna da kalmar sirri. Wasu wayoyin suna rubuta cewa cike wannan gurbin ba dole ba ne. A cike shi.

Zaɓin da ya fi kowanne nauyi a shafin nan shi ne tsakanin POP da IMAP, kuma shi ne wanda ake wucewa da sauri. POP tsohuwar hanya ce, sigarta ta uku ta fito a 1988. An tsara ta ne don zamanin da ake haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho ana biya da minti, kamar yadda aka fara a Ghana bayan da ƙasar ta sami cikakken haɗi a 1995 ta hannun kamfanin NCS na Dokta Nii Quaynor. A wancan lokacin dabara ce mai kyau: ka haɗa, ka kwaso wasiƙu gaba ɗaya zuwa kwamfutarka, ka katse, ka karanta a tsanake. Asalin ɗabi'ar POP ke nan, ta kwashe ta bar akwatin fanko, sai idan an umarce ta da ta bar kwafi. Wasiƙun da ka aika kuwa a na'urar da ka rubuta su suke tsayawa, saba ba ta da labarinsu.

A ɗauka akawun wani kamfanin kaɗanya ne aka ɗaura masa Outlook da POP a kwamfutar tafi-da-gidanka. Shekara uku na rasidai da yarjejeniyoyi da cinikin farashi duk suna cikin fayil guda mai suna PST a kan wannan kwamfuta. Ran nan ya ɗaure jaka a bayan babur ya nufi Aboabo, ruwan Agusta ya tare shi a hanya, ko ya jingine babur ya shiga sallah ya fito bai ga jaka ba. Manaja ya ce ba komai, ai imel a intanet yake, a buɗe a wata kwamfutar. Aka buɗe, sai wasiƙun makon nan kaɗai. Mai saye kuma yana musun farashin da aka yi a watan Yuni, hujjar tana cikin fayil ɗin da ya tafi.

IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1986, akasin haka take. Wasiƙu suna zaune a saba, waya da kwamfuta leƙa su kawai suke yi suna riƙe kwafi. Ka karanta a waya, a kwamfuta ma ya nuna an karanta. Ka buɗe jakar ajiya mai sunan wani mai saye, ta bayyana a ko'ina. Waya ta ɓace, a sayi wata a shiga, komai na nan. Ga kowane ofis mai ma'aikata, wannan ce hanyar da ta dace, ko kuma hanyar Exchange wadda ke haɗawa da kalanda da lambobin mutane. Mai tsoron data ta ƙare ba sai ya koma POP ba. A saitin manhaja ana iya cewa ta sauko da wasiƙun wata guda kawai, ta kuma bar manyan fayiloli sai an hau Wi-Fi.

Amma IMAP tana da nata sharaɗin da ya kamata a faɗa wa kowane ma'aikaci baki da baki: abin da ka goge a waya ya gogu a ko'ina. Mutum ya ga wayarsa ta cika, ya zauna ya share tsofaffin wasiƙu yana ganin a wayarsa kaɗai yake shara, ashe kundin kamfani yake gogewa. Zaman wasiƙu a saba bai zama kwafin ajiya ba. Maigidan ofis ya tambayi mai ba shi haya kwana nawa ake iya dawo da abin da aka goge, kuma ya tanadi ajiya ta daban don akwatunan kuɗi da na kwangila. Bayan an gama ɗaurawa kuma a yi gwaji ɗaya: a aika wasiƙa daga waya, a buɗe imel ɗin ta burauza, a duba ko ta bayyana a jakar waɗanda aka aika. Idan ba ta nan, wayar tana ajiye su ne a cikinta, a gyara tun kafin a tashi.

Wanda ake ɗaura wa imel ɗin ofis a wayarsa ta kashin kansa yana da haƙƙin sanin wani abu. Idan ta hanyar Exchange ActiveSync aka haɗa da manhajar da ta zo da wayar, kamfani na iya tilasta sa lambar kulle allo, kuma a wasu wayoyin yana iya goge wayar baki ɗaya daga nesa, har hotunan iyali. Idan da manhajar Outlook aka haɗa, bayanan asusun kaɗai ke goguwa. Ikon gogewa daga nesa abu ne mai amfani ranar da aka sace waya, sai dai a faɗa wa mutum kafin ya danna amincewa.

Wani lokaci ana cikin ɗaurawa sai gargaɗi ya fito cewa ba a amince da takardar shaidar saba ba. Yawanci sunan da aka rubuta ne bai dace da wanda ke kan takardar ba, ko kuma wa'adinta ya ƙare. Akan ce wa mutum ya danna ci gaba kawai. Kada a saba wa ma'aikata da haka, domin wannan gargaɗin shi ne wanda zai fito ranar da wani ya shiga tsakani da sabar bogi. A nemo sunan da ya dace daga mai ba da haya.

Kalmar sirri ita kaɗai ta daina isa. Manyan kamfanonin ma sun yanke wannan hukunci: Google ta rufe wa manhajoji shiga asusun Gmail da suna da kalmar sirri zalla a ƙarshen Mayun 2022, Microsoft kuma ta fara kashe irin wannan shiga a Exchange Online daga 1 ga Oktoban 2022. Yanzu idan ka rubuta adireshi, manhaja tana kai ka shafin Microsoft ko Google ne, ka shiga a can, a ba ta wata shaidar izini da za a iya janyewa kowane lokaci. Wannan ne dalilin da tsohuwar Outlook ke ta tambayar kalmar sirri ba ƙaƙƙautawa alhali daidai ake rubuta ta. Sabunta manhajar ake yi. A kunna kuma tabbaci mai mataki biyu ga kowa, a fara da manaja da akawu da mai kula da saba. Manhajar da ke fitar da lamba a waya ta fi saƙon tes aminci, tunda ana iya sace layin mutum. Lambobinta suna sauyawa duk daƙiƙa 30 kuma da agogo suke aiki, don haka idan ana ta ƙin karɓarsu a duba ko agogon wayar ya kauce. Mutanen Tamale sun riga sun koyi kada su ba kowa lambar sirrin MoMo ko da ya ce daga MTN yake kira. Haka dokar take a nan. Mai kula da saba na gaskiya ba ya buƙatar kalmar sirrinka, yana da hanyar sake maka wata.

Me ɓarawo zai yi da imel ɗin ƙaramin ofis a Tishigu? Kuɗi yake bi. Yakan fara da wasiƙa mai cewa akwatinka ya cika, danna nan ka tabbatar da asusunka. Shafin da zai buɗe kamarsa ɗaya da na gaske. Da ya sami shiga ba ya taɓa komai. Zai kafa wata doka a cikin akwatin, cewa duk wasiƙar da ta ambaci biyan kuɗi a tura masa kwafi, ko a ɓoye ta a wata jakar da ba a leƙawa. Ya yi makonni yana karatu, ya san wa ke bin wa bashi, ya san yadda akawu ke gaisuwa da yadda yake sa hannu. Ranar da mai saye ya kusa biya, sai wasiƙa ta je masa a cikin zaren hirar da aka saba, cewa bankinmu yana da matsala, a biya ta wannan sabon asusun. Wani lokaci daga akwatin gaske take fita, wani lokaci daga domen mai kama da shi da bambancin harafi ɗaya. Wani mutumin Lithuania mai suna Evaldas Rimasauskas ya damfari Google da Facebook sama da dala miliyan 100 tsakanin 2013 da 2015 da takardun kuɗin bogi da sunan wani kamfanin Taiwan da suke hulɗa da shi, kotu a Amurka ta ɗaure shi a 2019. Hukumar FBI ta ce a 2023 kaɗai asarar da aka kai mata rahoto ta irin wannan damfara ta haura dala biliyan 2.9. Maganinta mai arha ne: duk wasiƙar da ta ce an sauya lambar asusun banki, a ɗaga waya a kira mutumin ta lambar da aka sani tun da, ban da wadda ke cikin wasiƙar. Idan kuma aka gane an shiga asusu, sauya kalmar sirri bai wadatar ba, sai an duba dokokin tura kwafi an fitar da duk na'urorin da ke ciki.

Abin da ya sa jabun wasiƙa ke da sauƙi shi ne SMTP ta asali ba ta tantance mai aikawa, kowa na iya rubuta sunan da ya so. Daga baya aka ƙaro matakai uku da ake sakawa a bayanan domen. SPF yana bayyana sabobin da aka yarda su aika da sunan kamfani, DKIM yana buga hatimi a kan kowace wasiƙa, DMARC kuma yana faɗin abin da za a yi da wadda ta faɗi gwajin. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kan wannan. Ofishin da wasiƙunsa ke faɗawa jakar tarkace a wurin masu ba da tallafi, nan ya kamata ya fara dubawa. Ma'aikaci ba ya iya gyara wannan daga wayarsa, aikin mai riƙe da domen ne.

Sauran matsalolin yau da kullum ba su da yawa. Idan manhaja ta ƙi aiki, a fara shiga ta burauza. In ta buɗe a can, laifin na waya ne, in ba ta buɗe ba na asusu ne ko na saba. Idan asusu yana ta kullewa bayan an sauya kalmar sirri, a nemi tsohuwar waya ko kwamfutar gida da ke ta gwada tsohuwar. Idan mutane suka ce wasiƙunsu na dawo musu, wataƙila akwati ya cika. Fayil kuma yana ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa idan aka liƙa shi a wasiƙa, Gmail kuwa megabayit 25 ne iyakar abin da take aikawa, don haka hotunan aikin gona ko na gini a rage girmansu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar da aka buɗe wa ma'aikaci asusu ya kamata a san abin da za a yi ranar da zai bar aiki, ko cikin daɗi ko cikin rigima: a toshe shigarsa a ranar, a janye izinin na'urorinsa, a mai da akwatin na tarayya ko a miƙa wa magajinsa, a sa amsa mai gaya wa masu rubutowa wanda za su tuntuɓa. Kada a yi saurin goge akwatin, ana iya neman wata takarda a ciki bayan shekara. Doka ma tana da magana a nan. Dokar kare bayanan jama'a ta Ghana, Act 843 ta 2012, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya yi rajista da Hukumar Kare Bayanai, ya tsare bayanan, ya kuma sanar idan wani ya kai gare su ba da izini ba. Sunayen matan da ke tsintar kaɗanya da lambobin wayarsu, sakamakon gwajin marasa lafiya, takardun yaran makaranta, duk suna yawo a akwatunan imel na ofisoshin garin nan. Shi ma ma'aikaci ya sani cewa akwatin na kamfani ne, mai kula da saba na iya buɗe shi. A rubuta wannan a takarda kowa ya sa hannu, harkar gida kuma a kai ta imel na kashin kai.

Mai ofis, ka zauna da mai kula maka da kwamfuta a makon nan ka tambaye shi: da sunan wa aka yi rajistar domen, yaushe wa'adinta zai ƙare, mutum nawa ke da asusu kuma ko akwai waɗanda suka bar aiki a cikinsu, wa ke kan POP har yanzu, wa bai kunna mataki na biyu ba. Ka sa a rubuta amsoshin tare da bayanan shiga na gudanarwa, a kulle a inda kai da amintacce ɗaya kaɗai kuka sani. Ke kuma ko kai da za a ɗaura wa imel gobe, ku tsaya a wurin, ku rubuta kalmar sirrinku da hannunku, ku tambayi ko IMAP ce ko POP. Idan an riga an yi muku kutse ko damfara, ku fara kiran bankinku nan take, sannan ku kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda dokar Act 1038 ta 2020 ta kafa, ta kira ko saƙon tes zuwa lamba 292.